Ƙananan abubuwan da ke cin rai a Abuja, kowa ya zo ya faɗi nasa

Maman Ilham: Salamu alaikum jama'a. Dan Allah yau ku bar ni in yi ƙorafi, ba maganar siyasa ba ce admin kar ka goge. Wai ni kam ina canji ya shiga a garin nan? Ki hau keke na 300 ki miƙa 500, sai ya waigo yana wani yatsina fuska wai "Hajiya ba canji fa", to da ni ce babban banki? Ƙarshenta ya haɗa ki da wani ƙato da ba ki taɓa gani ba, ya miƙa muku 500 ɗaya ya ce ke 200 shi 300 ku je ku raba, shi ya ja kekensa ya yi gaba, ke da baƙon mutum kuna tsaye bakin titi cikin rana kuna roƙon mai fiya wata ya fasa muku. Mai shagon layinmu kuwa cingam da Maggi ya mayar kuɗin ƙasa. Na gaji wallahi.

Sadiq Kubwa: Wa alaikumus salam. Hhhh auren dole kenan Maman Ilham, mu ma kullum sai an ɗaura mana shi a Berger. Akwai ranar da kwandasta ya haɗa mu da wani a kan 1000 ɗaya, ba ya jin Hausa ba ya jin Turanci, da yatsu muka yi lissafi.

Zee Lugbe: Ni abin da ya fi ƙona min rai in kin dage sai an ba ki 50 ɗinki a riƙa miki kallon mai maƙo, "haba Anti 50 ce fa". To in 50 ba komai ba ce kai ka yafe min taka mana, me ya sa kullum ni ce mai yafewa? Mtsww.

Baba Mai Ritaya: 'Ya'yana ku yi haƙuri, abin ba daga masu keke ya faro ba. Takardar 1000 tun 2005 ta fito kuma har yau ita ce babba, amma ku duba abin da take saya a wancan lokacin da abin da take saya yanzu. 5 da 10 da 20 na leda ba wanda ya soke su, suna nan a doka, sai dai ba abin da za su saya, shi ya sa kowa ya daina riƙe su, farashi ma ya koma tsallen hamsin-hamsin ko ɗari-ɗari. A 2007 har sulalla aka sake bugawa, kobo 50 da naira 1 da naira 2, wa ya ƙara ganinsu? In ka je ATM 500 da 1000 kawai zai tofo maka. 'Yan ɗari-ɗarin da suka rage a hannun mutane kuwa duk sun ji jiki, an lilliƙe da salatef, wani ma in ka ba shi sai ya ce ba ya karɓa.

Ummi Kofa: Baba shi ya sa ni na hutar da kaina, komai tiransifa nake yi ko ƙosai ne.

Maman Ilham: Ummi ke dai Allah bai haɗa ki da ranar da netwok ya ɗauke ba ne.

Ummi Kofa: Ya haɗa ni fa Anti 😭 A kasuwar Wuse na sayi kayan miya da kifi, na tura wa mutumin nan kuɗi an ɗebe a nawa nan take, shi kuma wai alat bai shigo ba. Ya riƙe kunnen leda ɗaya ni ina riƙe da ɗaya, kowa ya zuba wa wayarsa ido, na nuna masa risit ya ce "Hajiya risit ba kuɗi ba ne", na kashe data na kunna, shi ya cire batir ya mayar, ruwan kifi yana ɗiga a kan takalmina, maƙwabtansa duk sun zagaye mu kowa yana ba da fatawa, wannan ya ce a jira wannan ya ce in sake turawa in sun dawo nawa ne. Da me zan sake turawa, ko an ce muku alawina na bautar ƙasa biyu ne? Sai da na bi wata mai POS na ciro tsaba na biya caji, na farkon kuma sai bayan kwana da kwanaki suka dawo, kifin tuni an cinye an manta.

Sadiq Kubwa: Yawwa an zo wajen. Ina Nura? Fito ka yi mana bayani, me ya sa zan biya ka kuɗi kafin in taɓa kuɗina?

Nura Mai POS: Gani nan Oga Sadiq, dama na san za a iso kaina. Ku fa kuna ganin lema da kujera da ɗan inji sai ku ɗauka zama kawai muke yi kuɗi na zuba. Tsabar nan da nake ba ku daga ina kuke tsammani take zuwa? In ka je banki ba za su ba ka yadda kake so ba, sai ka bi gidan mai ko 'yan kasuwa ka karɓi tsaba ka tura musu da ɗan ƙari a kai, ga masu injin su cire nasu a duk hada-hada, ga naira 50 ta gwamnati a kan tiransifar 10,000 zuwa sama, ga data, ga takardar risit, ga masu zuwa karɓar kuɗin wurin zama. Sannan batun risit da Ummi ta faɗa, wallahi mai kifin nan yana da gaskiya, yanzu akwai yaran da za su nuna maka risit kore shar da sunanka da komai alhali ko sisi bai taso ba, wanda aka taɓa yi wa ba ya sake sakin kaya sai ya gani da idonsa a cikin asusunsa.

Sadiq Kubwa: To farkon 2023 fa lokacin canjin kuɗi? Da idona na ga ana karɓar 1000 a kan 5000 a Dutse Alhaji. Shi ma data ce?

Nura Mai POS: Wannan lokacin kam kowa ya ji a jikinsa, Emefiele ya sauya 200 da 500 da 1000 aka kwashe tsofaffin sababbin kuma ba su wadata ba, mu kanmu sayen naira muke yi da naira, mu kwana a layi. Akwai waɗanda suka wuce gona da iri ban musa ba, amma ka tambayi 'yan layinmu nawa na riƙa karɓa.

Zee Lugbe: Kowane mai POS haka yake cewa, ka tambayi 'yan layinmu 😂

Ɗan Masaka: Ku kuna ta maganar canji da alat, mu da ranarmu ke ƙarewa a kan titi me za mu ce? Ana sallame asuba nake fita, wani lokacin ma sai in na isa zan yi addu'o'ina, daga Masaka ka wuce Ado ka wuce One Man Village lafiya lau kana murna yau Allah ya taimake ka, kana isowa Mararaba wajen Sharp Corner shikenan komai ya tsaya cak, masu talla sun cinye layi ɗaya, masu lodi sun cinye na biyu, ga gada a sama an gina don masu tafiya a ƙafa amma kowa ta ƙasa yake tsallakawa har da mai goyo, ka samu ka kuɓuta ka faɗa na Nyanya, ka fita ka tarar wata tirela ta mutu a hawan Kugbo, kafin ka ga AYA rigar da ka goge da daddare ta koma kamar an tauna. Tafiyar da in ranar Lahadi ce ba ta kai ta kawo ba. Sannan oga ya kalli agogo ya kalle ka ya ce "kullum kai ne gosulo", shi kuma daga Asokoro ya taso.

Maman Ilham: Ka manta da mutum huɗu a baya biyu a gaba. Ni kullum sai an haɗa ni da mai buɗe ƙafa, in sauka ƙafata ta yi tsami ba na jin ta. Na gaba na tsakiya kuwa rabin jikinsa a kan giya yake, direba sai ya ce "ɗan ɗaga" kafin ya sa ta uku.

Malam Iro Direba: Salamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa na yi shiru, amma tunda an taɓo sana'ata bari in ce wani abu. Hajiya kin san nawa muke sayen lita kafin 29 ga Mayun 2023? Ba ta kai 200 ba. Ranar da Tinubu ya ce tallafi ya tafi ta haura 500, watan Yuli ta koma 617, ƙarshen 2024 ta wuce 1000. Wannan mai ne kawai, ban yi maganar taya da baƙin mai da tikitin tasha da masu kaki iri-iri da ke tare mu ba. Kuma abin da fasinja ba ya lura da shi, da safe kowa cikin gari ya nufa, in na sauke ku a Area 1 fanko nake dawowa ko da mutum ɗaya, da yamma kuma abin ya juye, ke nan kuɗin da kuka biya na zuwa da dawowa ne. In na ɗauki uku a baya ɗaya a gaba sai na ƙara wa kowa kuɗi, kuma na gwada, na tsaya ina cewa uku-uku ne amma da ƙarin 200, ba wanda ya shigo, duk suka cika ta bayana mai huɗu.

Maman Ilham: Malam Iro na ji batun mai, wannan ba gardama. Amma ƙarin kuɗin da ake yi da zarar an ga hadari ya taso fa? Ruwan sama ma tallafi aka cire masa?

Malam Iro Direba: Hajiya in ruwa ya sauko tafiyar awa ɗaya ta zama uku, mai yana ƙonewa a tsaye.

Ɗan Masaka: Kafin ya sauko kuke ƙarawa Malam, iska kawai za a fara.

Hajiya Gwarinpa: Ni dai tambaya nake yi ba da wata manufa ba, wai taken nan ba Abuja aka ce ba? Mararaba da Masaka ai jihar Nasarawa ce, ƙaramar hukumar Karu, ku kai kukanku Lafia mana 😄

Maman Ilham: Lallai Hajiya, Allah ya ba mu abin da ya ba ku. Amma ki sani mai gadin gidanki da direbanki da malamar makarantar yaranki da ma'aikatan sakatariya, ki tambaye su ina suke kwana. Ranar da aka rufe hanyar Nyanya ki leƙa ofisoshi ki ga ko akwai mai buɗe ƙofa.

Hajiya Gwarinpa: Wasa nake yi fa Maman Ilham, Allah ya huci zuciyarki.

Baba Mai Ritaya: Wasa ne amma akwai magana a ciki. Ni ina cikin waɗanda aka kwaso daga Legas, ranar 12 ga Disamba 1991 Babangida ya tare a garin nan, lokacin Mararaba ƙauye ce, Gwarinpa ɗin ma da Hajiya take ciki ba a gina ta ba sai zamanin Abacha. An tsara gari da manyan tituna da ofisoshi amma ba a yi wa ƙaramin ma'aikaci wurin kwana da zai iya biya ba. Da El-Rufa'i ya zo minista daga 2003 zuwa 2007 aka yi rusau mai yawa, mutane suka watsu zuwa Mararaba da Masaka da Suleja da Madalla, a 2006 kuma aka hana acaɓa a cikin gari. To aiki yana ciki, kwana yana waje, hanya kuma ɗaya ce tak daga ɓangaren Mararaba. Ko an faɗaɗa ta mutanen ƙaruwa suke yi kullum.

Sadiq Kubwa: Baba ga kuma jirgin ƙasan cikin gari, Buhari ya buɗe a Yulin 2018, ya tsaya lokacin korona a 2020, Tinubu ya sake buɗewa a Mayun 2024. Yana zuwa filin jirgi yana zuwa Idu yana zuwa wajenmu Kubwa, amma ɓangaren Nyanya da Mararaba inda ake wannan turmutsutsun ko ƙarfe ɗaya ba a shimfiɗa ba. Mu ma da yake zuwa wajenmu kafin ka hau keke ka isa tasha, ka sauka a Central Area ka sake neman mota, gara ka tsaya a bakin babban titi ka ɗaga hannu.

Zee Lugbe: Ɗaga hannun ma yanzu da addu'a ake yi. Saboda 'yan wan cans, masu yi wa fasinja fashi a motar haya, sai na leƙa na ƙare wa kowa kallo kafin in shiga, in na ga gilashi mai duhu ko maza zalla a baya sun bar min tsakiya sai in ce ku je kawai. Na san wasu bayin Allah ne ba ruwansu, amma ya zan yi.

Malam Iro Direba: Ku riƙa shiga tasha ƙanwata, ko da ƙarin ɗari. Motar tasha an san mai ita.

Hajiya Gwarinpa: To bari ni ma in faɗi nawa kar a ce ba ni da damuwa. Wuta. Tun Afrilun 2024 da aka ce mu 'yan Band A ne aka kai yunit naira 225 daga sittin da wani abu, daga baya aka ɗan rage kaɗan, sharaɗin dai za a ba mu awa 20 a rana. Wallahi yanzu ni ce mai gadin mita, in ji tana ƙara cikin dare gabana ya faɗi, na hana guga sai ranar Asabar, hita na kwance ta na ɓoye, yara su kunna fanka su fita in bi ina kashewa ina masifa, maigidan ma in ya kunna esi sai na yi masa tari. Abin haushin in an ɗauke wutar kwana guda cur ba wanda zai ce miki an rage miki kuɗi, ki kira lambarsu wata murya ta ce ki danna 1 ki danna 2 har katinki ya ƙare.

Ɗan Masaka: Hajiya ki ba mu awa 20 ɗin mu ba ki namu. Mu ba mita gare mu ba, takarda ake maƙala mana a ƙofa duk wata da kuɗin da ba ka san inda aka samo lissafinsa ba, watan da taransfomarmu ta ƙone ma sai da takarda ta zo. Gyaran kuma mu muka yi karo-karo gida-gida, an tara an kai, har yau kwamiti bai ce ga abin da aka kashe ga abin da ya rage ba, in ka tambaya a ce ba ka da tarbiyya kana tuhumar dattawa.

Nura Mai POS: Sannan a kawo ta ƙarfe biyun dare a ɗauke kafin asuba, wai an ba ku wuta.

Ummi Kofa: Ni maƙwabcina ne matsalata, ya rasa inda zai ajiye janaretonsa sai gindin tagata, hayaƙi a ɗakina haske a nasa. Na yi masa magana cikin ladabi ya ce in kawo wayata ya sa min caji. Na kai kuwa, tunda dai hayaƙin ba fasawa za a yi ba.

Admin: Jama'a ana ta turo saƙon murya, na goge guda biyu. Dokar gidan nan a rubuta. Wani ya turo na minti tara, na saurari minti uku har lokacin gaisuwa yake yi.

Sadiq Kubwa: Allah ya saka da alheri admin. Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a Janairun 2025 ban ƙara buɗe bidiyon da aka turo ba sai na san mai shi. Da masu turo "tura wa mutum goma za ka ji albishir kafin magariba", kawuna ne shugabansu kuma ba dama ka fita daga guruf ɗin dangi, kana fita za a kira mahaifiyarka.

Maman Ilham: Kai Sadiq ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, dangi.

Sadiq Kubwa: Anti wannan ai shi ne babba, na rasa yadda zan fahimtar da mutanen gida cewa zama a Abuja ba muƙami ba ne. Da an ji Abuja shikenan kai da minista kuke karyawa. Wayata cike take da takardun 'ya'yan 'yan uwa, kowa "ga CV ɗin ƙaninka a sama masa ko ɗan NNPC ne", ni da nake haya ɗaki ɗaya a bayan Kubwa, ni kaina ina neman wanda zai duba tawa. In ka ce ba ka da hanya a ce ka samu duniya ka manta da zumunci. In ka je gida da Sallah kowa ya zo gaisuwa ya zauna ba zai tashi ba sai ka sa hannu a aljihu, abokin da kuka tashi tare ya riƙa ce maka "manyan Abuja" a gaban mutane, kuma wallahi lissafi na yi, shi da yake sayar da hatsi a kasuwar garinmu yana kwana a gidan gado yana cin tuwon gonarsu ya fi ni ajiye kuɗi a ƙarshen wata. Albashi mafi ƙanƙanta da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, ka cire kuɗin mota daga Masaka ko Suleja na wata guda ka ga abin da zai saura, amma ba mai yarda.

Ummi Kofa: Ni da aka mayar da alawi 77,000 kafin ya shigo ma an gama raba shi a gida. Ƙanwata har da turo hoton takalmi.

Maman Ilham: Nawa baƙi ne. Ba na ƙin baƙo, Allah ya sani, amma a ɗan kira mana. Sai dai ki ji waya "gani a tashar Nyanya, wace mota zan hau", ya zo ganin likita ko karɓar fasfo ko bin fayil ɗin fansho, ya ce kwana biyu zai yi, sati ya zagayo yana nan, ɗaki biyu gare mu yara sun koma falo, ruwan nan kuma sayensa muke yi a wajen 'yan garuwa jarka-jarka, shi kuwa ya saba da rijiya a tsakar gida sai ya shiga wanka da bokiti biyu yana waƙa. Ba halin ki yi magana, dangin miji ne.

Baba Mai Ritaya: 'Yata ki yi haƙuri da su. Mu ma da muka zo a ɗakin wani muka sauka, kuma duk wanda kika gani a garin nan da wuya in ba a tabarmar wani ya fara kwana ba. Amma maganar a kira kafin a taso tana kan hanya, wannan zan faɗa ko a gaban waye.

Hajiya Gwarinpa: Ruwan ma ba ku kaɗai ba ne, mu da ake cewa muna shan na dam ɗin Usuma sai famfo ya yi kwanaki yana tari, kowa ya koma bohol, bohol kuma sai da wuta, wuta kuma kun ji labarinta.

Zee Lugbe: Ba wanda ya yi maganar ejan? Ki biya kuɗin duba gida kafin ki ga ko ƙofa, ya sa ki biya masa keke, ku je ki tarar ba shi ne na hoton ba, sai ya ce wancan "yanzu-yanzu aka kama". In kin samu kuma ga kashi 10 nasa, ga na lauya, ga kuɗin ko-da-ta-kwana da ba a taɓa mayar wa kowa ba.

Nura Mai POS: Akwai ejan a gidan nan fa, na ga yana karantawa ya yi lamo 😂

Admin: Ya fita yanzu.

Sadiq Kubwa: Hhhhh laifi tudu ne. Saura masu "ina hanya". Makanike na tun safe yake hanya, ina jin ƙarar cokali da kwano a bayansa yana ce min ya kusa Zuba.

Zee Lugbe: Yawwa Yaya Sadiq ka tuna min. Auwal Tela na san kana nan, koren ɗigonka yana nunawa. Ina ankona?

Auwal Tela: Salamu alaikum Anti Zee, ina wuni, ya gida ya aiki.

Zee Lugbe: Lafiya lau. Ina ankona? Biki ranar Juma'a ne, ka ce min Talata, Talata ta wuce ka ce saura hannu, na aiko yaro ya ce ya ga atamfar a ninke yadda na kawo ta ko alli ba a sa mata ba.

Auwal Tela: Anti wannan da ya gani ta wata ce, ai anko ne iri ɗaya ne, mutum bakwai suka kawo min. Kuma ku ma ku riƙa yi mana adalci, a fitar da anko saura kwana goma biki kowa ya kwaso ya kawo lokaci ɗaya kowa da sitayil ɗin da ya ɗauko a Instagram, mai duwatsu mai bit mai hannu uku, ga wuta ba ta zama, injin sama da na aiki duk sai da janareto, in na ce ba zan karɓa ba a ce ina wulaƙanta kwastoma.

Maman Ilham: To ka ce ba za ka iya ba mana Auwal, a kai wa wani. Wulaƙancin minti ɗaya ya fi na ranar biki.

Malam Iro Direba: Ai gara mu, ko an matse mutum dai zai isa.

Auwal Tela: Malam Iro kai ma? Kaftaninka fa yana wajena.

Malam Iro Direba: Na sani, tun ƙaramar Sallah.

Zee Lugbe: Auwal ba dogon zance, cikin bakwai ɗin tawa ta nawa ce?

Auwal Tela: Anti gobe in sha Allahu bayan la'asar ki aiko.

Zee Lugbe: Ba aike, da kaina zan zo tun safe, zan taho da abincina da cajata in zauna a bencin nan har ka gama. Ka sayi mai a janareto.

Auwal Tela: To ki taho da canji Anti, cikon 1,700 ne.